Kai a Gefe, Gangar Jiki a Gefe

Bahaushe yana da kalmomi biyu ga abin da aka sassaƙa ko aka ƙera da siffar mutum, kuma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. In ya ce gunki, ya riga ya yanke hukunci: abin bauta ne, a yi nesa da shi. In ya ce mutum-mutumi, ya sassauta, domin shi ne wanda ake kafawa a gona ya kori tsuntsaye, ko wanda tela ke sanya wa shadda a ƙofar shago. Abin da muka rasa shi ne kalma ta uku, wadda za ta ɗauki siffar da gari ya kafa a fili don tunawa da wani nasa. Mun rasa kalmar ne saboda ba mu da al'adar. Mu da muka tashi a Kano da Zariya, abin da muka saba gani a tsakiyar shataletale shi ne tulu, ko ƙwarya, ko dagin Arewa. Manyanmu kuwa da suna muke tuna su: a raɗa wa titi, a raɗa wa makaranta, a raɗa wa jariri ranar suna.

Da wannan idon muka shiga Accra, mu uku, a wata tafiyar aiki ta mako biyu. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma abin da ya kai mu shi ne haɗa manhajar biyan kuɗi ta waya da muke ginawa da ta wasu abokan hulɗa na can. An kama mana ɗaki a otal, amma kusan kullum a Nima muke cin abincin dare, a gidan kawun ɗaya daga cikinmu. Dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon direban babbar mota, haifaffen Kumasi. Duk mu ukun Kawu muke ce masa. Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ta cika damuwa da raba namiji da mace ba, kuma har yau bai yarda ya ce Accra ba, Ankara yake cewa, kamar yadda fataken goro suka saba kiran garin.

Shi ya ce ba za mu koma gida ba sai mun je wurin Nkrumah. Ɗaya daga cikinmu, wanda muke tsokana da Ustaz saboda ya yi haddar Alƙur'ani kafin ya taɓa kwamfuta, ya tambaya ko ba wurin nan ne mai gumaka ba. Kawu ya ce, "Ɗana, ba sujada na ce ka je ka yi ba. Gani na ce ka je ka yi."

Ranar Asabar da hantsi, bayan mun sha koko da ƙosai, wanda mutanen garin ko da ba sa jin Hausa suke kira Hausa koko, muka hau ƙaramar bas ɗin haya da suke ce wa torotoro zuwa tsohon gari, ɓangaren teku. Lambun tunawa da Kwame Nkrumah yana kan babban titin da ya ratsa wannan yanki, kusa da kasuwar masu sassaƙa da saƙa, daura da tsohon ginin majalisar dokoki. An buɗe shi a 1992, aka rufe shi don gyara, aka sake buɗewa a watan Yuli na 2023. A ƙofa kuɗin shiga kashi-kashi ne, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Mu muka biya na baƙi. Kawu ya zaro katin ɗan ƙasarsa daga aljihun gaba ya ajiye a kan kanta a hankali, ya bar shi ya ɗan jima fiye da yadda ake buƙata. A lokacin mun ɗauka tsufa ne kawai.

Abin da ya fara tarbar mu ruwa ne. Tafkuna ne dogaye a dama da hagun hanyar da ke kai mutum tsakiyar lambun, kuma a cikinsu an jera mutanen tagulla, ba riga, sun durƙusa, kowa ya kafa ƙaho a baki. A al'adar Akan da ƙaho ake sanar da fitowar sarki, da shi kuma ake sanar da rasuwarsa. Wannan bai yi mana baƙo ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan sallah ya ji kakaki ya san abin da ake nufi: babba yana tafe, a gyara tsayuwa. Bambancin kawai, waɗannan masu busar ba su sauke ƙaho ba tun 1992, kuma ba wanda ya taɓa jin sautinsu. Yara 'yan makaranta cikin rigar makaranta iri ɗaya suna ta gudu a gefen ruwan, malamarsu tana ƙirga su da yatsa. Wata amarya da angonta suna ɗaukar hoto, mai hoton yana ta gyara mata mayafi. Ustaz ya soka hannuwansa a aljihu, ya ce shi dai ba zai shiga hoto da ko ɗaya ba. Ba wanda ya matsa masa.

A ƙarshen hanyar Nkrumah ne da kansa, na tagulla, a kan dakali mai tsawo, ya yafa zane irin na mutanen kudu, ƙafa ɗaya a gaba, ya miƙa hannu yana nuna inda za a dosa. Wurin da aka kafa shi yana da dalili. A zamanin Turawa nan filin wasan folo ne, wurin shaƙatawar masu mulki. A wannan fili ne, da tsakar daren da ya wayi gari 6 ga Maris 1957, Nkrumah ya hau dandamali tare da abokan gwagwarmayarsa ya shelanta cewa Gold Coast ta zama Ghana, ƙasa mai cin gashin kanta. A daren ba zanen kudu ya saka ba. Riga ce saƙi ta mutanen arewacin Ghana, wadda suke kira fugu ko batakari, mai kama da 'yar shara ta gida. Kawu ya ce mutanen zango sun lura da wannan rigar, kuma sun daɗe suna maganarta.

Bayan mutum-mutumin ne kabarin yake, cikin wani gini mai tsawo da aka lulluɓe da marmara, ruwa ya kewaye shi. Wani ɗan Ghana mai suna Don Arthur ne ya zana shi. Wasu suna cewa siffar takobi ce da aka kifa, alamar an ajiye yaƙi. Wasu suna cewa kututturen bishiya ne da aka sare kafin ta gama girma. Mu dai da muka ɗaga kai, bishiyar muka gani. A ciki akwai sanyi da shiru, kuma kaburbura biyu ne: nasa da na matarsa Fathia, 'yar Masar, wadda ta rasu a Alƙahira a 2007 aka kawo ta nan. Shi kuwa wannan ne makwancinsa na uku. Ya rasu a asibiti a birnin Bukares na Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972, aka yi masa jana'iza a Konakiri ta ƙasar Gini inda ya yi zaman gudun hijira, sannan aka mayar da gawar ƙauyensu Nkroful a wannan shekarar, sai bayan shekara 20 aka ɗauko shi aka kawo filin da ya yi shelar 'yanci. Ustaz ya ce a hankali, "Ko gawarsa ba ta huta da siyasa ba."

Da a nan ziyarar ta ƙare, da mun koma da hotuna da 'yan bayanai, mun manta kafin wata ya zagayo. Irin wannan girmamawa kowace ƙasa tana yi wa nata. Amma Kawu ya ja mu zuwa wani gefe, inda mutane ba su cika taruwa ba.

Wani mutum-mutumin ne, shi ma na Nkrumah, amma wannan ya saka fugu irin ta daren 'yanci. Ba shi da kai. Hannu ɗaya ma ya tafi. Wuyan rigar yana nan a buɗe, in da tsawonka ya kai za ka iya leƙa cikinsa ka ga duhu. A gefensa, a kan wani ɗan dakali na dabam, ga kan a ajiye, idanu a buɗe, yana kallon gabansa kamar ba abin da ya faru. Ba a mayar da shi kan wuyan ba, alhali kowane mai walda a Accra zai iya yin hakan kafin azahar.

Labarinsa a rubuce yake a wurin. Wani masassaƙi ɗan Italiya, Nicola Cataudella, shi ya ƙera shi, aka kafa shi a gaban majalisar dokoki a 1958, Nkrumah yana raye, yana kan mulki. Ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi don neman sulhu a yaƙin Biyetnam, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Labarin ya same shi a ƙasar Sin. A Accra aka tumɓuke mutum-mutumin aka farfasa. Gangar jikin ta tsira a ajiye, kan kuwa ya ɓace. Sai a 2009, bayan shekara 43, ya dawo: wani daga cikin 'yan ƙasa ne ya adana shi, ya miƙa wa hukuma, hukuma ta kawo shi lambun. Mun daɗe muna tunanin wannan mutum. A ina ya ɓoye shi? Ƙarƙashin gado? Cikin rumbu? Iyalinsa sun sani? A shekarun farko bayan juyin mulkin, ko hoton Nkrumah ba abin nunawa ba ne, balle kansa na tagulla.

Kawu yana ɗan shekara 12 a lokacin. Ya ce abin da bai manta ba shi ne rawa. Mutane sun cika titi suna murna, kuma a cikinsu ya ga fuskokin da ya saba gani suna tafi duk sanda motar shugaban ta wuce. Shi kansa yana cikin ƙungiyar yara ta Young Pioneers, wadda aka kafa a 1960, inda ake koya musu fareti da kirarin shugaba. "Da safe mu ne 'ya'yan Osagyefo," in ji shi, "da yamma kowa ya ɓoye ƙyallen wuyansa. Duniya rawar 'yan mata ce, samari. Na gaba ya koma baya."

Muka tambaye shi ko yana son mutumin. Ya yi shiru har muka ɗauka bai ji ba. Sannan ya fara lissafi da yatsu, kamar mai ƙirga buhuna. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka ƙaddamar wata guda kacal kafin juyin mulkin, har yau tana ba ƙasar wuta. Tashar jiragen ruwa ta Tema, da babban titin da ya haɗa ta da Accra, wanda shi Kawu ya ci abinci a kansa shekara da shekaru. Makarantu har a ƙauyuka. Kiran da ya yi wa Afirka ta haɗe, wanda ya taimaka aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Sai ya juya hannu ya fara ƙirga ɗaya ɓangaren. Dokar 1958 da ta ba gwamnati ikon tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. J. B. Danquah, wanda yana cikin waɗanda suka gayyato Nkrumah gida ya shiga siyasa, a kurkukun Nsawam ya mutu a 1965. Mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya a 1964.

Akwai kuma abin da ya shafi zango kai tsaye, wanda mu ba mu taɓa ji ba duk karatunmu. Kafin 'yanci Musulmin zango suna da jam'iyyarsu, Muslim Association Party, kuma a Kumasi ta haɗa kai da 'yan adawa. Watanni kaɗan bayan shelar 'yanci, a cikin 1957 ɗin nan, gwamnati ta ba da umarnin korar manyan jagororinta biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, da hujjar cewa baƙi ne. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Kafin kotu ta yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka fitar da su zuwa Najeriya. Mahaifin Kawu ɗan wannan jam'iyya ne, kuma har ya koma ga Allah bai sake ambaton sunan Nkrumah a gidansa ba, sai dai ya ce "mutumin nan".

Korar ba ta tsaya a kan Nkrumah ba. Gwamnatin farar hula da ta hau a 1969, wadda 'yan adawarsa ne suka kafa ta, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutanen zango suka yi lodi, har da waɗanda ba su taɓa ganin Najeriya ko Nijar da idonsu ba. A cikin wannan guguwar aka tafi da ƙanwar Kawu Kano tana 'yar shekara bakwai, a bayan babbar mota, tare da dangin mahaifiyarsu. Ita ce ta haifi abokin tafiyarmu. A 1983 kuma Najeriya ta yi nata, ta kori baƙi, ciki har da 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kayansu ta samu sunan da muke kiranta da shi a kasuwa yau ba tare da mun tuna daga ina ya fito ba. Sai a nan muka gane abin da ya sa katin Kawu ya jima a kan kanta.

"To yanzu ku gaya mini," in ji Kawu, "in mayar masa da kai, ko in bar shi haka?"

Ustaz ne ya amsa, kuma da farko da dariya. Ya ce a duk lambun nan wannan kaɗai ne zai iya tsayawa kusa da shi hankali kwance, domin a fiƙihu sananne ne cewa hukuncin sura yana rataye da kai, in an cire shi ta zama kamar kututture. Sojojin 1966 sun yi aiki da fatawa ba su sani ba. Muka yi dariya har masu hoton amarya suka waiwayo. Amma da ya ci gaba, ba wasa a muryarsa. Ya tuna mana abin da malamai ke karantarwa game da mutanen Annabi Nuhu, cewa gumakansu asalinsu mutanen kirki ne da suka mutu, aka yi siffofinsu don a riƙa tunawa da su, da zamani ya ja aka manta dalilin, aka koma bauta musu. Ya ce a duba abin da ya faru a nan: mutum yana raye an kafa siffarsa a ƙofar majalisa, an buga fuskarsa a kuɗi da kan sarki, ana kiransa Osagyefo, wato mai ceto, yara suna yi masa kirari da safe. Wanda aka ɗaga haka, wa zai iya ce masa ya yi kuskure? A ganinsa, tun ranar da aka kafa tagullar aka fara saran wuyanta.

Ba mu da abin musawa a wannan. Mu ma tarihinmu ya san wannan faɗan. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da bishiyar tsafin da aka sare a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ƙin sassaƙa siffar mutum a ƙasar Hausa matsaya ce da aka ɗauka da sani, kuma ba mu je Accra don mu sauya ta ba. Sai dai mun ga cewa abin da ke gabanmu ya daina aikin da aka ƙera shi dominsa. Na tagullar da ke nuna gaba, shi har yanzu yabo yake yi. Wannan marar kan kuwa shaida yake bayarwa, kuma a kan kowa: a kan wanda ya yarda aka kafa shi, a kan waɗanda suka fasa, a kan waɗanda suka yi tafi sannan suka yi rawa, da kan mutum ɗaya da ya ɗauki kasada ya ɓoye abin da ya rage. Da an mayar da kan an shafe tabon, da duk wannan ya tafi, an bar wa yara 'yan makaranta labari mai santsi wanda ba a taɓa faɗuwa a cikinsa ba.

A sana'armu mun san wannan zaɓin, domin kullum muna yin sa. Kusan duk mai rubuta manhaja a yau yana aiki da wani tsari mai suna Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Aikinsa ajiye tarihin kowane sauyi: wa ya taɓa wane layi, yaushe, da wane dalili. In wani ya shigar da abin da ya lalata aiki, hanya biyu ce. Ko dai a ƙara sabon sauyi da zai warware na baya, ɓarnar da gyaranta su zauna a kundi kowa yana gani, ko kuma a koma baya a goge, a sake rubuta tarihin kamar ba a taɓa yi ba. Hanya ta biyu ta fi kyan gani. Amma a aikin da mutane da yawa ke tarayya a kai, ƙa'ida ce ba a bin ta, har akan kulle babban reshen aikin don kada wani ya gwada. Dalilin ba tsoron Allah ba ne, tsoron gobe ne: bayan shekara biyu wani sabon ma'aikaci zai zo da dabarar nan da ta taɓa rusa komai, yana ganin shi ya fara gano ta, kuma in an share tarihi ba abin da za a nuna masa. Waɗanda suka ajiye kan nan a gefe sun bi hanya ta farko.

Daga nan hira ta juyo gida, kamar yadda takan yi. Mu ma 1966 ta taɓa mu, har mun riga Ghana da kwana 40. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, daga baya aka tsinci gawarsa. Kuma mun iya tunawa ba tare da siffa ba. Wanda ya je kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi ya san yadda ake bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili mai haske inda kabarin yake, ba rufi a sama, ba ado a kansa. Ba fuska ko ɗaya, amma jiki yana fahimta. Gidan Sardauna ya zama Arewa House, cibiyar bincike da adana takardu. Gidan Malam Aminu Kano ya zama Mambayya, ana karatu da taro a ciki. Wannan hanya ce mai kyau, kuma tamu ce.

Inda muke da rauni shi ne ajiye abin da ya fashe. Mu mutanen gyara ne da sabuntawa. In abu ya tsufa mu rushe mu gina sabo, mu ba shi sunan tsohon, mu ce shi ne. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce, a wurare da dama ta koma tudun ƙasa, a wasu wuraren ma gidaje da shaguna sun hau kanta. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina wata. Yaron da ke wucewa ta ƙarƙashinta yau a Adaidaita Sahu ba abin da zai gaya masa cewa akwai wadda ta riga ta, balle ya tambayi yadda aka yi. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan da ramukan harsashinta, amma a gidan tarihi na Legas take. Sunan titi kuwa, duk darajarsa, yabo kaɗai yake ɗauka. Ba ya gaya maka wa mai sunan ya ɗaure, wa ya kora, ko wa ya juya masa baya ranar da ta ɓaci. Haka waƙar yabo. Shi ya sa muhawararmu a kan magabata takan zama ta gida biyu, waliyyi ne ko azzalumi, kuma duk wanda ya ce mutum ɗaya zai iya gina madatsar ruwa ya kuma cika kurkuku, sai a ce bai da matsaya.

Wayar da kake karanta wannan a kanta ta ƙara sauƙaƙa sharewar. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa da daddare, kafin asuba ya goge duk abin da ya taɓa rubutawa a Facebook, magoya bayansa su ma su bi sahu. Littattafan da marubutanmu ke sakawa a WhatsApp babi-babi, da karatun malamai, da muryoyin iyayenmu da suka rasu, da yawansu suna zaune ne a waya ɗaya tak, wadda za ta iya faɗawa ruwa gobe. Mu da muke gina waɗannan abubuwa mun fi kowa sanin rashin ƙwarinsu. Kan tagulla ya yi shekara 43 a ɓoye ya fito da kamanninsa. Ba mu da tabbacin akwai abin da muka rubuta a aikinmu da zai buɗu bayan shekara 43.

Mun ƙarasa zagayen da gidan tarihin da ke cikin lambun, inda aka ajiye kayansa da littattafansa da hotunansa tare da shugabannin zamaninsa, muka ga tsohuwar motarsa ƙirar Cadillac, muka bi ta ƙarƙashin bishiyoyin da manyan baƙi suka dasa, kowace da allonta. La'asar ta yi, muka fita neman masallaci, wanda a wannan ɓangaren garin ba ya wuyar samu. Ustaz bai shiga hoto ko ɗaya ba har muka fito. Amma a cikin torotoro muka ga yana duba wayarsa, ashe ya ɗauki allon da ke ƙarƙashin kan, rubutun kawai.

Da daddare a Nima, bayan an ci tuwo an kwashe kwanuka, Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin biskit da tsatsa ta ci gefensa. A ciki akwai katin jam'iyyar mahaifinsa, ya yi laushi kamar tsumma. Akwai ƙyallen wuyansa na Young Pioneers, a naɗe. Akwai wasiƙu uku da ajami, waɗanda aka aiko daga Kano a farkon shekarun 1970, ana ba da labarin yarinya ta saba da gari, ta shiga makarantar allo, amma har yanzu tana tambayar yaushe za a koma gida. Abokinmu bai taɓa sanin da su ba. Ustaz ne ya karanta mana su a bayyane, domin shi ya fi mu iya ajami, kuma a wasiƙa ta biyu sai da ya dakata ya ba abokin namu lokaci.

Muka tambayi Kawu me ya sa ya haɗa katin da ƙyallen a wuri ɗaya, alhali masu su ba su taɓa shiri a kan mutumin ba. Ya ce gida ɗaya suka kwana, kwano ɗaya suka ci, don me gwangwani zai raba su?

Muka nemi izinin ɗaukar su a waya, ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Muka yi masa bayanin cewa za mu ajiye kwafi a wurare uku, mu aika wa ƙanwarsa a Kano a daren. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce mu ɗauka, Allah ya yi albarka. Sannan ya mayar da komai yadda yake, ya danna murfin da tafin hannu.

"Amma takardun suna nan wurina," in ji shi. "Wayar taku, shekara nawa take yi?"